Kayen Isufu yana wurina

Da safen nan ina ɗaure buhun gero a bayan moto ƙanen Isufu ya kira ni daga Cadawa. Ya ce Allah ya yi wa Isufu rasuwa bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Zazzaɓin kwana uku ne kawai. Ban ma ji yana kwance ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Isufu malamin dabbobi ne. Tare muka fara aiki a buro guda, wato ofis, a Gidan Rumji muna samari. A buron akwai wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da wani furoje na raya karkara ya bari, cikinta da wasa guda ɗaya tak: wani mutum yana yawo gari gari neman ɗan'uwanshi da ya ɓata, kai kuma kana tattara mishi abin da zai buɗe hanya. In an tashi aiki kuma akwai wuta, nan muke har la'asar.

Isufu ya sayi kaye, littafin rubutu, musamman don wasan. Kowane gari, kowace ƙofa, ya zana da biro.

Sai a cikin wasan muka iso bakin wata rijiya da dole a shiga. Igiya tana rataye a gidan wata tsohuwa. Dannawa ɗaya za ka yi ta faɗa jakarka, amma babu wurin da za ka roƙe ta.

Isufu ya ce ba ta ba mu ba.

Na ce haba malam, wasa ne fa, tsohuwar nan ko rai ba ta da shi. Ya ce shi dai ba da hannunshi ba, kuma ba a gabanshi ba. Wata da watanni yana neman wata hanya, ni ina ta masifa. Har ordinatar ta mutu mutumin nan yana tsaye bakin rijiya.

Haka yake ko a waje. Wani Bafulatani ya taɓa mance sandarshi wurin allurar shanu, Isufu ya yi ta yawo da ita a moto kasuwa biyu har ya gan shi. Ranar da san noman babana ya kumbura a Sae Sabuwa, cikin ruwan sama ya zo, ya yi abin da zai yi, ko fura bai tsaya sha ba.

To ga abin da ban taɓa faɗa ba. Da aka yi mini canji zuwa Agye, na ɗauke kayen nan daga durowarshi ban tambaye shi ba. Na samu wasan a wani shago a Maraɗi, na bi zanenshi, na ɗauki igiyar tsohuwa, na ƙare abina. Na yi shiru. Shi ma bai taɓa cigiya a gabana ba.

Tun bara ake ta raɗe-raɗin wai za a kawo wasan a salula. Wasu su ce gaskiya ne, wasu su ce ƙarya, masu shi kuma ba su ce uffan ba. Duk labarin da Isufu ya gani sai ya turo mini. Da ya ji wai za a ƙara sababbin abubuwa, shi kenan, ya yanke cewa za su sa wurin roƙon tsohuwa. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ai mutanen sun girma yanzu, sun yi hankali.

Ganinmu na ƙarshe sati biyu ke nan, a rumfar mai shayi a kasuwar Cadawa. Muna cikin wannan zancen ya aje kofi ya ce:

"In ya fito, kayen nan za mu nema. Yana wurinka, Bagobiri, na daɗe da sani. Ban hana ka ba. Ka roƙa kawai."

Wallahi dariya na yi. Na ce sai na dawo, na kawo zancen tsadar taki. Kunya ce ko girman kai, ban sani ba. Ya bi ni muka yi zancen taki.

Abin yana mini ciwo ƙwarai.

An ce da hantsi za a kai shi, ba zan samu jana'iza ba. Na sauke geron, na ciro kayen daga ƙasan akwati. Yanzu kayan magada ne. Zan miƙa wa maiɗakinshi Rabi, in gaya mata yadda ya zo hannuna, in nemi su yafe mini. In sun ce in riƙe, to a bakinsu zan ji.

Allah ya jiƙan Isufu, ya yafe mishi kurakuranshi, ya sa Aljanna ce makomarshi, ya ba Rabi da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mishi addu'a. Ku sa ni ciki ni ma, don wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.