Bana Albasar Kwaɗi Ba Ta Buɗe Ba, Malam Zayyanu

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, daga Boɗinga har Shagari, ya san ƙa'idar albasa. In ganyenta ya kwanta sai a tone ta, a yanke ganyen da saiwar, a shanya ta, a adana. Wanda ya bar ta a ƙasa ya yi asara. Saboda haka idan mutum ya ji an ce albasar kwaɗi, sai ya ɗauka ita ma haka ake yi mata. Ba haka ba ne. Ita wannan ba a cin ta, ba a kai ta kasuwa, ba a kuma raba ta da ƙasa. Da rani ganyenta yakan bushe har wurin ya koma fili kamar ba a taɓa shuka komai ba, alhali tana nan ƙarƙashi da ranta, tana jiran ruwa. Mutum ɗaya na sani wanda ya kwashe shekaru yana gyara wa jama'a wannan kuskure, kuma yau ba ya tare da mu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Shawwal 1445, wadda ta yi daidai da 23 ga Afrilu 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Zayyanu Sulaiman Mandera a wani asibiti a Sakkwato, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Shi ne malamin aikin gona a makarantar sakandaren da muke koyarwa tare a Boɗinga. Mun sallace shi bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa cikin zafin bazara. Ya bar matarsa, Malama Kulu, da 'ya'ya, babbarsu Mufida, da ƙanensa Kamilu wanda ke riƙe da gonar gidansu a Mandera.

Malam Zayyanu, ɗalibanka sun roƙe ni in rubuta wani abu a kanka. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Abin faɗa yana da yawa, amma duk inda na faro sai in tsinci kaina a ƙofar gidanka, gefen bango, inda indararo ke zubo ruwan rufi. Nan ka dasa albasar kwaɗi, ka kewaye wurin da duwatsu.

Na tuna ranar da ka fara ba ni labarinta. Ka ce kuna yara, a bayan Mandera akwai wani ɗan tafki da albasar kwaɗi ta kewaye bakinsa. Mahaifinku, marigayi Malam Sulaiman, ba ya yarda da ruwan farko. Maƙwabta su fita da iri suna murna, shi yana zaune. Sai ya aike ku bakin tafki ku dubo. Ranar da kuka dawo da gudu kuka ce ta buɗe, ranar yake buɗe rumbu ya ɗebo irin gero. Da ka yi karatu ba ka raina wannan al'ada tasa ba, ba ka kuma mayar da ita abin tsafi ba. Kakan gaya wa ɗalibai cewa albasar tana can ƙasa, yayyafi ba ya kai mata. In ta fitar da fure, alama ce laima ta ratsa ƙasa sosai. Kakan ƙara da cewa alama ce kawai, ruwa na Allah ne.

Daga baya noman rani ya faɗaɗa, aka nome bakin tafkin, aka yi ta feshin maganin ciyawa shekara bayan shekara. Ka je ganin gida ka tarar saura 'yan kaɗan a wani lungu. Ka tone su da ƙasarsu, ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ka ɗauro a bayan babur har Boɗinga. Shekarar da ta biyo baya ko ɗaya ba ta fito a Mandera ba, kuma har yau ba ta sake fitowa ba.

Mu abokan aikinka ba mu raga maka ba. A ofishin malamai na taɓa ce maka, “Malam Zayyanu, wanga abu naka, mi za a ci ciki? Ga wuri mai laima, ko yakuwa ka sa da Malama Kulu ta gode maka.”

Ba ka ko ɗago kai daga takardun da kake dubawa ba, ka ce, “Kai ma ba a cin ka, Malam Yahaya, amma ga shi kullum muna ba ka shayi.”

Aka yi ta mini dariya har aka kaɗa ƙararrawa. Amma da damina ta sauka a shekarar, ka aiko a kira ni bayan la'asar. Na zo na tarar da kai tsugune. Wani kara mai kauri kamar sanda ya fito daga tsakiyar ganyen, a kansa furanni farare manya, kowane ɓangare da jan layi a tsakiya kamar an zana da alƙalami. Ƙamshi ya cika ƙofar gidan. Na ce sai in kawo iyali su gani ranar Juma'a. Ka ce, “In ba gobe ba, ka bari sai baɗi.” Shekara guda tana ƙasa, kwana kaɗan tana waje. Ban ƙara yi maka ba'a a kanta ba.

Akwai wanda ya fi kowa jiran wannan rana, shi ne Kamilu. Da an fara hadari sai wayarka ta fara ƙara, ko kana cikin aji.

“Yaya, ta buɗe?”

“Kamilu, ruwan Boɗinga daban, na Mandera daban. Sau nawa zan gaya maka? Tona ƙasarka ka gani.”

“Na ji, Yaya. Ta dai buɗe?”

Kana faɗa kana murmushi. Kai ka san ba zai yi shuka ba sai ka amsa, shi kuma ya san za ka amsa. Tun rasuwar mahaifinku, wannan kiran ne ya zauna a madadin aiken da yake yi muku zuwa bakin tafki.

Ba albasar kwaɗi kaɗai ka yi wa haƙuri ba. Kai ne ka tsaya a taron malamai ka ce a daina tura yaron da ya makara noma a lambun makaranta. Ka ce wanda aka yi wa horo da fartanya ba zai taɓa son ƙasa ba, kuma mu 'ya'yan manoma muke koyarwa. Idan lokacin dashen albasa ya yi, bencin aji ya fara zama fili don yara sun tafi taya iyayensu, wasu malamai su yi ta barazanar kora, kai sai ka hau babur ka nufi fadamar Danchadi. Ba ka zuwa da wa'azi. Kakan naɗe ƙafar wando ka shiga fangali, kana dashe kana hira da uban yaron, har ku daidaita: safiya ta makaranta, yamma ta fadama. Waɗansu daga cikin yaran nan yau su ne ke koyarwa, wasu suna aikin asibiti. Sun cika maƙabarta ranar da muka rufe ka.

Na je duba ka a asibiti bayan ƙaramar Sallah. Ka rame har na kasa kallon hannunka. Gadonka yana nesa da taga. Ka yi ta tambayar ɗaliban ajin ƙarshe da jarrabawarsu, sannan ka ce, “Ba a fara hadari ba?” Na ce da saura. Ka ce, “To, da saura.” Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinka.

Yanzu sai in gaya maka abin da ya faru bayanka, don na san da kana nan shi za ka fara tambaya.

Jama'ar da ta zo gaisuwa ta fi ƙarfin zaure. Rana ta yi tsanani, aka ce a kafa rumfa a ƙofar gida. Aka kawar da duwatsun da ka jera don a shimfiɗa tabarmi, ba wanda ya ga komai a wurin sai busasshiyar ƙasa. Kamilu shi ya san abin da ke ƙarƙashi. Ya ga ana takawa, ya ga ana shirin haƙa ramukan dirkoki, hankalinsa ya tashi. Da sassafe, kafin mutane su taru, ya ɗauko fartanya ya tone su duka. Ya yi musu abin da ya fi iyawa a duniya, abin da yake yi wa albasarsa kowace shekara ba tare da asarar ko guda ba: ya kakkaɓe ƙasar, ya yanke saiwoyin tas har gindi, ya jera su a kan wani tsohon kwanon rufi a bayan gida, inda rana ta fi bugawa, don su sha iska kafin ya adana. Malama Kulu tana ciki cikin takaba, ba ta san abin da ake ciki ba.

Sai ranar addu'ar uku Mufida ta zagaya baya ta gan su. Muna zaune muka ji muryarta.

“Baba Kamilu! Baba Kamilu, mi kay yi?”

Muka tashi muka je. Kwanon ba ya taɓuwa don zafi. Ɓangaren da ya kwanta a kansa ya dahu, ya yi laushi. Kamilu ya tsaya yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya.

“Malam,” ya ce mini, “na ga ganye ya bushe, ga mutane na takawa. Nic ce kar abin Yaya shi lalace. Can daji Allah ka tsaron ta, amma gida ai sai mutum.”

Mutumin da ya sa ka a kabari da hannunsa bai zubar da hawaye ba, ranar nan ya zauna a ƙasa gefen kwano ya rufe fuska da hularsa. Mufida, wadda ta yi ihun, ita ta durƙusa tana ba shi haƙuri.

Ba na faɗin wannan don a zargi Kamilu. Wanda ya zarge shi bai san ƙauna ba. Ya ba ka mafi kyawun abin da hannunsa ya sani, sai dai ba shi wannan tsiro ke so ba.

Mun mayar da su ƙasa a yammacin ranar, a gindin indararo, muka sake jera duwatsu. Muka jira. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya. Galibinsu sun ruɓe; wari ne ya fara gaya mana, muka cire su don kada su shafi sauran. Kamilu yakan zo daga Mandera duk mako, ya gaisa da mutanen gida ta bakin zaure, ya fito ya tsuguna inda kake tsugunawa. Cikin waɗanda suka rage, kaɗan sun huda ƙasa da ɗan koren ganye, siriri, ba ƙarfi. Sauran shiru, amma in an taɓa wuyansu da tauri. Fure dai babu. Tsiron da aka yanke wa saiwa sai ya fara neman ransa tukuna.

Bana Kamilu ya yi shuka bai tambayi kowa ba. Ya ce mini ya fito da wayar a gona har ya nemo sunanka, sannan ya mayar da ita aljihu.

Ya Allah, ga bawanka Zayyanu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya shi kamar ƙasar da ruwa ya ratsa. Ka sa ilmin da ya bayar ya zama sadaka mai gudana, ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Malama Kulu, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, ya raya abin da ya bari. Mufida da ƙannenki, Allah ya zama gatanku. Kamilu, Allah ya sanyaya zuciyarka, ya sa albarka a shukarka. Ina miƙa ta'aziyya ga mutanen Mandera da Shagari, da malamai da ɗaliban makarantarmu. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Saura magana ɗaya, gare ku ɗalibansa. Gidan da Malam ya zauna na haya ne. In Malama Kulu ta fita takaba za ta koma wurin danginta a Shagari, kuma wanda zai shiga gidan bayanta ba zai ga komai a gefen bangon nan da rani ba sai fili. Ta ce albasar kwaɗin da suka rage, kada a sake tara su wuri guda. A raba wa waɗanda za su riƙe. Dole a ƙara ɗaga su sau ɗaya, kuma gara yanzu da ƙasa ke da laima.

Wanda yake da wurin da ruwa ke ɗan tsayawa da damina, gindin indararo ko gefen rijiya, ya zo. Za mu ɗago maka ita da ƙasarta. Ka binne ta har wuya, ka zuba mata tsohon takin dabbobi, ba na zamani ba. Ka nisanta ta da madafa da hannun ƙananan yara, don guba ce ga wanda ya ci. In ganyen ya fara bushewa kada ka yanke, ka bar shi ya kwanta da kansa. Ka kewaye wurin da duwatsu, ka gaya wa duk mutanen gidanka abin da ke ƙarƙashi, babba da yaro, tun kana da bakin faɗa. Da rani kuma ka ƙyale ta.

Ban yi maka alkawarin za ta rayu ba. In ta rayu, wataƙila baɗi ma ba za ta yi fure ba. Amma duk ranar da ka fito da yamma ka tarar ta buɗe, ka yi wa Malam Zayyanu addu'a, sannan ka kira Kamilu a Mandera ka gaya masa.