Ƙafar Hagun Ƙanena

Ƙanena rowar ƙwallo gare shi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ta shiga ƙafarsa, abokan wasansa sai dai su raka shi da ido. In an yi masa faɗa ya ce, "Wanda zan ba ɗin ya fi ni ne?" Abin haushi, babu wanda ya fi shi. Mai Hagu ake ce masa. Hotonsa na manne a shagunan aski, ni kuwa a kasuwa sunana ya ɓace, na koma yayar Mai Hagu.

Da gwiwa ta ci amanarsa, aka ba shi kocin ƙungiyar garinmu. Na ce masa, "Kai da ba ka iya bayarwa ba, me za ka koya wa 'ya'yan mutane?" Ya ce, "Yaya, ke dai bakinki ba ya hutu." Ya kuwa iya aikin, ban hana masa wannan ba. Shi ya tsinto Dogo, ɗan wani tela, ya mai da shi ɗan gaban da ake tsoro.

Ranar wasan ƙarshe, wata babbar ƙungiya ta turo wakilai su kalli Dogo, in ya yi musu su ɗauke shi. Tela ya rufe shago ya zo. Kujera ɗaya ce tsakanina da shi.

Ana cikin wasa aka jefo wa Dogo ƙwallo ta gefen layi, gabansa babu kowa sai gola. Ƙwallon ta gangaro daidai inda koci yake tsaye. Da idona na ga ƙafar hagun nan ta tsallake layi ta doka ta. Mutum mai furfura, da usur a wuya!

Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Wani ya yi ihu daga sama, "Baba, a ba ka riga mana ka shiga!" Aka fara jifa da robobin ruwa, 'yan kallo suka faɗa fili, wasa ya watse. Wakilan suka shige motarsu. Tela ya kakkaɓe hularsa, ya wuce ta gabana ya fita. Da ma zagina ya yi.

Aka sallami ƙanena daga aiki. Ya zo ɗakina ya zauna a ƙasa yana murza gwiwa.

"Wallahi, Yaya, ban san na taɓa ta ba."

"Duk gari ya sani," na ce.

Da sati ya zagayo ya shiga mota zuwa ofishin babbar ƙungiyar, ya ce in raka shi. A bakin ƙofa aka bar mu tsaye har manajan ya fito zai wuce. Ƙanena ya sha gabansa ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, yaron nan bai yi laifin komai ba. Ku sake kallonsa sau ɗaya. Ku zaɓi ranar da kanku, kada ma ku gaya mini filin."