Ranar da Obadiya Ya Ƙi Faɗin Sunan Maigida

Shekara talatin na yi ina wanki a gidan Hallowby, a arewacin Ingila, don haka na san maigida, Lord Cuthbert, tun daga wuyan rigarsa. Mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya. Yana da shekara ashirin da huɗu mahaifinsa ya tura shi majalisa a Landan, yadda aka tura kakansa. Abin ba wuya. Gonakin garinmu duk nasu ne, kuma lokacin ba a ɓoye ƙuri'a. Mutum zai hau dakalin katako a kasuwa ya faɗi wanda yake so, wakilin gidan yana tsaye yana ji.

A zaɓen maigida na huɗu, Obadiya Tranter, mai noman gonar bakin rafi, ya hau ya faɗi sunan ɗan hamayya. Marigayi mijina ya ce ko tari ba a yi ba. Kowa ya san kafin kaka za a karɓe gonar. Matarsa har ta fara ɗaure kwanuka.

Maigida ya je gonar da kansa a kan doki. Na kai wa matar sabulu, a kunnena aka yi.

"Tranter, giyar da na raba wa masu zaɓe ce ba ta yi maka ba?"

"Ba na sha, ranka ya daɗe. Ka san ni mabiyin ƙaramin coci ne, mu ba ma shan giya."

"To me na yi maka?"

"Da 'yata Keziya ta rasu, limamin babban cocinku, da maƙabarta ke hannunsa, ya hana mai wa'azinmu addu'a a bakin kabari. Shiru muka rufe ta, kamar kyanwa. Ka zo wucewa, ka ɗaga hula, ka yi gaba."

Maigida ya daɗe yana kallon kunnen dokinsa.

"Ai doka ce."

"Su wa ke yin dokar, ranka ya daɗe? Na ji an ce can kake zuwa."

Da ya koma Landan ya miƙe a majalisa ya yi magana a kan binne mamata, cewa a bar kowane coci ya yi wa nasa addu'a. 'Yan jam'iyyarsa suka yi masa dariya, maganar ta faɗi, mahaifinsa ya daina cin abinci da shi har sanyi ya wuce. Takardar korar Obadiya daga gonar kuwa, a aljihun kwat ɗinsa na same ta, ba sa hannu.

Zaɓe na gaba Obadiya ya sake hawa dakalin, ya sake faɗin sunan ɗan hamayya. Wakili ya juyo, fuska a murtuke. Maigida ya ce, "Bar shi. Alkamarsa ta fi ta kowa."

A gonar Obadiya ya tsufa. Allah ya ji ƙansu duka biyu, shi da maigida.