Ranar da Muka Je Jin ta Bakin Baban Auwalu

Katsina zuwa Dutsi

Ana sallame sallar asuba na saɓa jaka na nufi tasha, idona cike da barci. Ni da abokin karatuna Kabiru aka ba aikin shirya gajeren fim a kan abin da matasa ke zaɓa bayan sun gama sakandare. Malaminmu ya ce ba za mu taɓa kyamarar makaranta ba sai mun nemo mutanen da suka yarda su fito. Tsarin fim ɗin nawa ne, kuma a lokacin ji nake babu mai basira kamata: kowane matashi ya faɗi abin da ya zaɓa, sannan mahaifinsa ya zauna ya faɗi yadda yake ganin zaɓin.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. Wata tsohuwa ta ɗora min ƙullin daddawa a cinya, ta ce in riƙe mata zuwa nan gaba kaɗan. Har muka sauka ina riƙe da shi. Muka hau mashin zuwa Dutsi wajen wani tela da ya yi mana alkawari a waya, sai muka tarar da shagon a rufe.

"Ai shekaranjiya ya tafi Legas," in ji maƙwabcinsa. "Bai gaya muku ba?"

Fura kawai muka sha muka juyo.

Daura

Da la'asar muka shiga Daura, ƙafafuna kamar ba nawa ba. A gidan gwaggon Kabiru muka sauka, ta cika mu da tuwon dawa da miyar kuka. Ita ta haɗa mu da wata maƙwabciyarta da ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Yarinyar ta yarda, babanta kuwa tun ba a kunna komai ba ya fara jawabi, da ƙyar muka samu muka tashi.

Gwaggo ce kuma ta ba mu labarin wani Auwalu na garin Babban Mutum. Ya samu gurbin karatun malanta, wanda shi ne burin mahaifinsa, amma ya ajiye ya kama turka, wato ɗaure shanu a gida ana ciyar da su har su yi ƙiba a kai kasuwa.

Babban Mutum

Washegari muka bi ta Zango muka nufi ƙasar Baure. Saboda kusancin iyaka shingen jami'an tsaro ya yi yawa, ko'ina a buɗe jaka, har na daina zuge tawa. Auwalu ya tarye mu a tasha da mashin ɗinsa. Dogo ne, ba ya son yawan magana. Da na gama zayyana masa tsarin, sai ya kashe mashin ɗin.

"Kun ce har da Baba za ku tambaya?"

Na ce ƙwarai.

"To na yarda. Tun ranar da na ce masa ba zan je makarantar nan ba, bai ce min na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Shekara biyu ke nan. Ku tambaye shi. Wallahi ko zagi ne ina so in ji."

Muka samu mahaifinsa Malam Hassan a zaure yana tufka igiya. Ya sa aka kawo ruwa, ya tambaye mu hanya da mutanen gida. Auwalu ya tsuguna can bakin ƙofa. Na gyara murya na ce, "Baba, so muke ka gaya mana yadda kake ganin sana'ar da ɗanka Auwalu ya zaɓa."

Tsohon ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Bana kuna samun ruwa a Katsina kuwa?"

Na ɗauka bai ji ba, na ɗaga murya na maimaita. Kabiru ya mintsine ni, ya raɗa min, "Kai, ɗan fari ne fa." Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Dattijon da ko sunan ɗan farinsa ba ya kamawa saboda alkunya, shi na zo in zaunar gaban kyamara ya yi sharhi a kansa. Kunya ta rufe ni. Auwalu ya tashi ya fita ba tare da ya kalli kowa ba, raina kuma ya ɓaci ƙwarai, don ni na sa masa rai.

Da muka yi sallama Malam Hassan ya taso rakiya. Maimakon hanya, sai ya ja mu bayan gida inda bijiman Auwalu uku ke ɗaure, sai sheƙi suke. Ya waiga ya tabbatar babu kowa, ya dafa tozon ɗaya.

"Samari, na tsufa a cikin dabbobi, ban kai hannun mai waɗannan ba. Kullum in ya tafi kasuwa sai na zagayo na gan su. Amma wannan maganar ba ta na'urarku ba ce."

Komawa

Auwalu ya ɗauke mu zuwa tasha. Sai da muka sauka ya ce, idonsa a ƙasa, "Na san ba zai ce komai ba."

Na tuna maganar tsohon. Na'ura aka hana, ba a hana bakina ba. Na gaya masa duka, har da dafa tozon. Ya sunkuya yana taɓa wayar birki wadda babu abin da ya same ta, ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ce, "Kullum ya ce?"

Na ce kullum.

Bayan magariba muka iso Katsina, jikina duk ciwo, tsarin fim ɗina kuma ya rushe, sai na sake wani babu iyaye a ciki. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Gwaggo da tuwonta. Malam Hassan kuma, idan ya ji na kai maganarsa inda na kai ta, ya yafe min.