Tabon da ke ƙeyar Kawu

Jiya na ji ana kiɗan kalangu wajen mahauta, sai kawuna ya faɗo mini a rai. Tsohon ɗan dambe ne, hannunsa na dama duk kanta saboda ɗaurin igiya, kuma kullum yana ƙanshin hayaƙin tukuba.

Lokacin da finafinan karate suka iso Karaye, na sha tambayarsa ko dambe na da amfani a faɗan gaske. Sai dai ya yi murmushi. Amsar ta zo ne wata ranar kasuwar Rogo, muna tare. Wani ƙato ya kama akuyar wata tsohuwa zai tafi da ita, Kawu ya tare shi, mutumin ya zaro wuƙa. Naushi ɗaya Kawu ya kai masa, ya zube. Kawu kuwa ya juya abinsa, domin a filin dambe da zarar mutum ya taɓa ƙasa an gama. Ƙaton nan bai san wannan doka ba. Ya rarumi icce ya rafka masa a ƙeya kafin jama'a su danne shi.

Ana ɗinke masa kai na ce, "Kawu, me ya hana ka ƙara masa?"

Ya ce, "Inda na koyi duka, nan aka koya mini dainawa. Da na ƙara, da yanzu kabari ake haƙa, ba ɗinki ba."

Har yau ban san ko damben ya cece shi ko ya cuce shi ba. Allah Ya sassauta maka, Kawu, yadda ka sassauta wa wanda ke ƙasa.