Telan da Ya Sa Kaboyin Italiya Yin Hausa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Sabo tela, a nan Makka. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Wani ɗan kwali da 'yarmu Maryam ta shigo da shi kwanan baya ne ya fama min tsohon miki.

Tun yana saurayi a Kano Malam ke bin sinima saboda finafinan Italiya, na kaboyi, na 'yan sanda, da masu ban tsoron nan da ni ban iya kallo. Da muka zo aikin Hajji muka zauna, wannan ne abin da ya kasa bari. A ɗakinmu na unguwar Tandabawi, bayan keken ɗinki, akwai tsohon bidiyo da kasa-kasai na gwanjo, hotonsu ya dusashe, sautinsu kamar ana suya. Ranar Juma'a bayan la'asar maƙwabta kan cika ɗakin, masu tura alhazai a keke da masu wanki. Sai ya rage murya, ya zauna gefen talabijin yana fassara. Da Italiyanci ko zo in kashe ka bai ji ba, amma a bakinsa ɓarawon doki ɗan Fagge ne, matar da ke kuka a taga kuwa Ladi ce, mijinta ya tafi cirani. Mutanen da ke kwana da fargabar kamen marasa iƙama, wato takardar zama, su yi ta dariya har da hawaye. Da wani malami ya yi masa nasiha, cewa ya yi, "Allah gafarta malam, rai dangin goro ne. A bar su su sha iska."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, tsoron a tambayi takarda ya hana shi zuwa asibiti da wuri. Bayan rasuwarsa aka rushe layinmu, kasa-kasan suka tafi cikin ɓaraguzai. Aka kama babban ɗanmu Auwalu aka kai shi Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Kwalin na Maryam sababbin faya-fayai ne. An sake fito da finafinan nan, an wanke su tas. Muka saka ɗaya a ɗakin hayarmu na unguwar Zahir, nan take na gane kaboyin da ke ciki, har ƙurar da ke gashin bakinsa ana gani. Maryam na karanta rubutun Turancin da ke ƙasa tana mayar min da Larabci. A wurin da Malam kan sa shi ya yi wa kansa kirari har ɗaki ya ɗauki sowa, ashe cewa kawai ya yi a shayar masa da doki.

Na ce ta kashe sautin. Na matsa gefen talabijin zan faɗa wa jikokina yadda kakansu ke faɗa. Maganar ta ƙi zuwa. Ɗan abin da na harhaɗa ma, ƙaramarsu ta dubi uwarta ta tambaya da Larabci, "Me Kaka ke cewa?"

Da Malam na raye, na san zai yi ta juya kwalin nan kamar yaro da kayan Sallah. Daga nan zai tambayi 'yan kallonsa. Me zan ce masa? Wasu an kwashe su, wasu sun rasu, sauran mun warwatsu, kowa na ɓoyon kansa. Auwalu kullum kira yake, "Umma, ki taho." In na miƙa kaina ga hukuma aka fitar da ni, ba ni ba dawowa, na bar Maryam da yaranta da ƙasar da ta rufe mijina. In na zauna, wataƙila ba zan sake ganin ɗana ba. Gaba kura, baya siyaki.

Mutanen Italiya sun adana nasu, kowace fuska da kowane harbi. Muryar Malam kuwa babu wanda ya ɗauka. Tana cikin kawunan tsofaffin da suka zauna a ɗakin nan, a Kano ko Maraɗi ko inda aka jefa su. In kana cikinsu, ka tuna ko da jimla ɗaya ce, ka faɗa wa 'ya'yanka da Hausa. Tawa ajiyar zubewa take yi. Jiya na nemi yadda yake kiran sunana, sai da na daɗe kafin ya zo.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya haskaka makwancinsa.