A Ƙafa Ake Jin Ta

Yayata kitso take yi. A Tudun Wada, a shekarun tamanin, in biki ya matso, tun ana saura kwana uku tsakar gidanmu ke cika da mata, kowace da tsefaffen kai, ita kuwa tana zaune kan kifaffen turmi tana yi musu faɗa. Hannunta da zafi, bakinta ya fi. Shekara tara ta ba ni, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ban taɓa tashi daga gabanta da busassun idanu ba.

Da hannuwan abin ya fara. Sai ta kai rabin kai ta saki kibiya, ta zube hannuwa a cinya ta ce sun mutu, a jira su dawo. Mata suka ce sanyi ne. Goggonmu ta aiko da saiwoyi daga Wushishi, aka dafa, aka sha, aka yi turare. Ran nan tana cikin yi wa wata amarya shuku ta sulale daga kan turmin, muka kwashe ta sai asibiti.

Kafin a kai ta gado ta farfaɗo. Wata ƙaramar nas ta kama wuyan hannunta tana duban agogo. Ta saki, ta kama ɗayan. Ta dubi Yaya, Yaya ta dube ta. Sai ta fita da sauri ta dawo da babbar Sista, wata doguwar mata 'yar ƙauyukan Tagwai, wadda Hausarta ba ta nuna ba, a bakinta kowa namiji ne.

Sista ta lalubi hannun ta ce, "Wannan mata ba shi da bugu."

Yaya ta ce, "To Sista, in na mutu ne ki faɗa min, in daina ɓata wa mutane lokaci. Na bar amarya da rabin kai."

Likitan da aka kira Ba'indiye ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Bai tsaya kan hannun ba. Ya ɗora abin sauraronsa a wuyanta ya daɗe, sannan ya koma ƙarshen gado ya yaye zanen da aka rufa mata, ya sa yatsu uku a bayan ƙafarta, sama da babban yatsa. Ya gyaɗa kai. Ya sa aka ɗaura mata abin awon jini a cinya, Yaya tana ta jan zane tana salati.

Sista ce ta juya mana bayaninsa. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ce ta kumbura daga ciki, rassan da ke kai jini hannuwa suka tsuke, kamar bututun famfo da ya yi tsatsa. Ya ce a ƙasarsu ya taɓa ganin irinsa, a nan bai taɓa ba. Ya tura mu wani babban asibiti a jirgin ƙasa aka ɗauki hoto, muka dawo da ambulan mai faɗi da sunan ciwo wanda har yau bakina bai iya ba. Ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Aka ba ta wasu ƙananan fararen ƙwayoyi da suka kumbura mata fuska, da maganin hawan jini, aka hana ta gishiri.

Abin da ya fi jaddadawa ɗaya ne. Hannunta ƙarya yake yi. Duk wanda ya auna a hannu zai ga jini ya yi ƙasa, alhali ya hau har yana neman fasa mata kai, kuma in aka bi hannun aka ba da magani, an gama da ita. Ya rubuta da jan biro a saman katinta cewa a ƙafa za a auna. Amma kati takarda ne, wasu takardun suna hawa kansa, nas-nas kuma suna canjin aiki, ga ɗalibai sababbi kowane wata. Saboda haka aikin ya dawo kaina.

Shekara huɗu muna shiga muna fita. Duk kwanciyar da ta yi, ina kan tabarma a gefen gadon, kuma ba ni da wani amfani da ya wuce magana guda. Da na ga farar riga ta miƙa hannu, sai in ce, "A ƙafa ake jin ta." Wasu su yi godiya. Wasu su harare ni, wai ni da ko firamare ban gama ba zan koya musu aiki. Ban damu ba. Har matan ɗakin suka riƙe, in na fita alwala su suke faɗa a madadina.

Wata rana da hantsi, a kwanciya ta biyu, aka zo ɗaukar wata tsohuwa da ta cika a gadon da ke kallon namu. Muna gani nas ta taɓa wuyan hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuskar. Yaya ta bi su da ido har suka fice.

Ta ce, "Auta, kin ga yadda ake yi?"

Na ce na gani.

"Hannu kawai ta taɓa. Ni da haka za a yi min, da tuni na shekara biyu a ƙasa." Ta yi 'yar dariya, sannan ta daina. "Kar ki yarda a rufe ni sai kin duba da kanki. Ba nas ba, ba likita ba. Ke."

Ta sa na zauna a ƙarshen gado, Sista ta kama yatsuna ta ɗora a wurin. "Kar ka danna da karfi, za ka kashe shi. A hankali." Da farko ban ji komai ba. Can sai ga shi, ɗan ƙaramin motsi a ƙarƙashin fata, yana zuwa yana komawa. Daga ranar kullum sai na duba, safe da yamma, ko a gida ne. Yaya takan ce na fi kare naci.

Mutane suna cewa na yi haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Wani wuri ne a cikina ya mutu kamar hannuwanta, kuma bai dawo ba. Ina wanke kwano, ina dama kunu marar gishiri, ina kwashe fo, ina kallon fankar ɗakin da fiffike ɗaya ya lanƙwashe. In 'yan dubiya suka yi kuka, sai in ba su wuri in tsaya ina jira su gama. Ko tsoro na daina ji.

A kwanciya ta ƙarshe zuciyar ce ta gaji. Ƙafafun suka kumbura har sai na danna yatsu sun nutse kafin in samu bugun. Likita ya ƙara allurar fitar da ruwa, aka jingina ta da filo uku, aka kawo tukunyar iska. 

Ranar Talata ce, bayan azahar. Ta yi barci, ni kuma ina zaune ina ɓare lemo. Wata ɗaliba da ban taɓa gani ba ta zo ta kama wuyan hannunta, na ga ta yi turus. Ko kai ban ɗaga sosai ba na ce, "A ƙafa ake jin ta."

Ta koma ƙafar. Na ci gaba da ɓare lemona. Na gama, na raba shi biyu, yarinyar tana nan a sunkuye. Sai ta tafi ta kira Sista. Sista ta taɓa ƙafar, ta saurari ƙirji, ta buɗe ido ta duba. Ta kai hannu ga mayafin, sai ta fasa, ta matsa gefe.

Ta ce, "Zo ka duba."

Na goge hannuna a zane na ɗora yatsu uku. Ƙafar da ɗuminta. Na sassauta, na matsa sama kaɗan, na koma ɗayar. Abin da nake ji bugun yatsuna ne, na san bambancin. Ban yi kuka ba. Na tuna ban rufe kwanon kunu ba, na je na rufe.

A gida, da Goggo da wata maƙwabciya suka yi mata wanka, ni na riƙe ƙafafun. Aka gama, aka kawo likkafani, maza suna ta sallama a zaure wai rana tana yi. Goggo ta ce, "Auta, saki mana."

Na ce a ƙara min kaɗan. Suka tsaya. Na sake sa yatsun a wurin, a hankali, yadda aka koya min, na jira iyakar abin da mutum zai iya jira.

Sannan na ce, "Yaya, na duba."